Yadda Haƙorina Na Makka Ya Huje A Landan

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. In na zauna rumfar mai shayi ranar kasuwar Yankara, kafin a zuba mani an kewaye ni. Wannan ya ce wai da gaske ne jirgin ƙasa yana bi ta ƙarƙashin gidajen mutane? Wancan ya ce wai Turawa na cin tuwo? Amma duk wanda ya fara da jirgi, a bakina yake ƙarewa: "Alhaji, wai me ya sami haƙorinka na Makka ne? Da yana walƙiya, yanzu ga shi duk ƙarzuwa, har da huda." To, bakina ya gaji. Ga labarin nan gaba ɗaya, kowa ya ɗauka, a bar ni in sha shayina da zafinsa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, ni da ko Legas ban cika son zuwa ba. Ɗiyata ce sanadi. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa Uwata nake ce mata. Yarinya ce mai kai, tana makarantar 'yan mata, amma Allah ya yi ta da haƙoran sama da suka turo gaba, har leɓɓanta ba su haɗuwa sai ta matsa. Tun tana ƙarama yara suka sa ta gaba da tsokana, sai ta koyi rufe baki. In za ta yi magana, hannu a baki. In an yi abin dariya, sai ta ja gefen mayafi ta duƙar da kai, ka ga kafaɗu na rawa, ba ka ji komai ba. Malamarsu ta aiko mani cewa ta san karatu amma ba ta amsa tambaya a aji. Wannan abu ya daɗe yana ci mani rai.

Shekarar da kuɗi suka fara zama a hannun mutane, auduga ta yi daraja, na kai mahaifiyata Hajiya aikin hajji. Ta ce ba ta zuwa sai da takwararta. Muka tafi mu uku. Bayan an sauko daga Arfa, Hajiya ta ja mu shagon wani mai sa haƙori, ta sa ya yi mani na zinariya, ya yi ma yarinyar, gefe ɗaya, rana ɗaya. Hajiya kuwa ta ce ita ta tsufa, a bar mata nata. Ba ta shekara ba bayan dawowarmu Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙan ta.

Ƙanena Salisu, wanda gwamnati ta tura karatu Landan, shi ya zo hutu ya ce, "Yaya, a can ana gyara wannan. Waya ake ɗaurawa, haƙora su koma a hankali." Na ce, "Salisu, ka ji tsoron Allah. Haƙori ƙashi ne, ba reshen dalbejiya ba." Ya kai ni wurin wani likitan haƙori a Zariya, shi ma ya ce gaskiya ne, har ya ce in aka fara a can aka ba mu kayan aikin, shi zai riƙa ƙara ɗaure wayar a nan. Da aka yi hutun makaranta na sayar da bijimai muka shirya.

Ranar tafiya kuwa sai ka ce ni zan kwaso Ingilar. Daga Yankara zuwa Sheme an tsayar da motarmu ya fi a ƙirga. Wannan na son rediyo, wancan agogo, wani dattijo daga Tafoki ya biyo mu a keke yana haki don in sayo mashi bargon da ba ya tsufa. Matan gida kuma sun cika mana jaka da kilishi da daddawa da kuka da yaji, ni na ƙara da ƙullin goro, don ban yarda da ƙasar da ba a cin goro ba. Muka bi sabuwar kwalta zuwa Funtuwa, muka wuce Kano.

Jirgin sama ba baƙona ba ne, na hau zuwa Jidda. Amma wancan cike yake da 'yan uwa, ana talbiya, ana miƙa ma juna dabino. Wannan kuwa shiru, kowa ya buɗe jarida. Aka kawo abinci a 'yan kwanoni kamar na wasan yara, na duba na duba, na ce ma Uwata ta tambayi matar da ta kawo ko naman yankakke ne. Ta rufe baki ta yi tambayar can ƙasa-ƙasa, matar ba ta ji ba. Sai na ci burodin na bar sauran.

A bakin shiga ƙasar tasu aka yi ta. Wani dogon ma'aikaci mai jan gemu ya buɗe jakarmu, ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci. Wallahi sai da ya ja da baya har hularsa ta karkace! Ya kira ɗan uwansa, shi ma ya shinshina, suka tsaya suna duban mu. Na yi ta kwatanta masu da hannu cewa a miya ake sawa. Daddawa ta tsira, ina jin don ba wanda ya yarda ya ajiye ta a ofishinsa. Kilishi kuwa suka riƙe, wai ba a shiga da nama. Har yau in na tuna kilishin nan raina sai ya sosu. Goro suka juya suka juya, suka maido mani.

Salisu na jiran mu a waje da manyan rigunan sanyi biyu. Da ma an ce mani lokacin zafinsu ne. Zafi! Ni dai ban cire rigar nan ba har na baro ƙasar. Ya shigar da mu wani rami mai matakala da ke tafiya da kanta, ka tsaya cik ita ta sauka da kai. Na kama hannun Salisu ina salati. A ƙasa kuwa ga jirgi, ga fitilu, ga mutane dubbai, kuma ba mai ce ma wani sannu. Na yi sallama da na shiga, ba wanda ya ɗago. Na ce ma Salisu ko an yi masu rasuwa ne, ya ce a'a Yaya, haka suke kullum. Ikon Allah! Mutanen da suka haƙa hanya a ƙarƙashin kogi, amma gaisuwa ta gagare su.

A gidan wata tsohuwar Baturiya muka sauka, inda Salisu yake haya. Ta ba Uwata ɗaki kusa da nata. Mace ce mai kirki, sai dai ita kaɗai take zaune da kyanwa, 'ya'yanta na wani gari, sai su yi wata da watanni ba su leƙo ba. Wannan ya fi jirgin ƙasa ba ni mamaki. Abincinta dankali ne dafaffe da ganye dafaffe da kifi, ba gishiri ba yaji, sai ka ce na majinyaci. Mu dai yajinmu ya cece mu. Ranar da Uwata ta kaɗa mana miyar kuka da daddawa, tsohuwar ta buɗe tagogin gidan duka, amma daga baya ta ɗanɗana, har ta ƙara.

Wata safiya na shiga makewayi zan yi alwala, sai na ga haƙora a cikin kofi. Haƙora cikakku, sama da ƙasa, da dasashinsu ja, suna kwance a ruwa. Na fito da baya ina a'uziyya. Salisu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce na tsohuwar ne, na roba ne, cirewa take ta wanke. Da ta fito karin kumallo ta yi mani murmushi da su, na kasa haɗa ido da ita. A ranar na fara yarda cewa mutanen nan sun san wani abu game da haƙori.

Likitan da muka je wurinsa dattijo ne mai sanƙo, mai fara'a, irin fara'ar da ban gani a jirgin ƙasa ba. Kujerarsa da kanta take kwanciya da mutum. Ya duba bakin Uwata, ya ɗauki hoton ƙashinta, ya nuna mani saiwar kowane haƙori a jikin fitila. Ni ban san haƙori yana da saiwa mai tsawo haka ba, na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya dasa su. Salisu yana fassara. Likita ya ce da can kowane haƙori sai an sa mashi zoben ƙarfe, amma yanzu sun samu gam da ke riƙe ɗan ƙarfe a fuskar haƙori. Ya zuba mani 'yan ƙarafan a tafin hannu, kowane bai kai ƙwayar dawa ba, da 'yar tsaga a gaba inda waya za ta bi, da raga-raga a baya inda gam zai shiga ya kama. Ni maɓalli na riƙa ce masu.

Ya bar ni na tsaya a kansa ina kallo. Ya goge haƙoran tas, ya shafa masu wani ruwa mai tsami, ya ɗan jira, ya wanke, ya busar da iska har suka yi fari fat kamar alli. Ya ce ruwan nan yana ɗan cin fuskar haƙori, ya bar ramuka ƙanana waɗanda ido ba ya gani, a cikinsu gam yake kafa ƙafa. Ya ce ko ɗigon miyau ya taɓa wurin, aikin ya ɓaci, sai an sake. Na ce ma Salisu, ashe yaɓe ne. Magini ma sai ya farfasa fuskar bango kafin ya watsa siminti, in ba haka ba damina ɗaya ya zubo. Likita ya ji fassarar ya ce haka ne daidai. Sai ya kwaɓa gam ɗin daga 'yan kwalabe biyu, ya ɗora a bayan maɓalli, ya danna. Bayan ɗan lokaci ya kama maɓallin da hantsaki ya girgiza, kan yarinyar gaba ɗaya ya motsa, maɓalli bai motsa ba. Na ce Allahu akbar! Abin da bai kai ƙwayar dawa ba.

Da ya zo kan haƙorin Makka sai na ga ya tsaya yana sosa sanƙo. Ya ce zinariya ba ta jin ruwan tsamin nan, yadda ka shafa haka za ka wanke, tana nan sumul. Ya ce haka suke fama da cikon azurfa da haƙorin tangaran, gam ɗin ya fi son abin da Allah ya halitta a kan abin da mutum ya ƙera. Kuma haƙorin nan yana daidai kwanar da waya za ta ja, ba a tsallake shi. Ya dai manna, ya zura waya, muka tafi.

Washegari muna shan shayi Uwata ta tofo wani abu a hannu. Maɓallin haƙorin Makka ne, da gam ɗinsa a baya, zinariya kuwa ko tabo babu. Muka koma, ya sake mannawa da wani gam ɗin daban. Wannan ko gida bai kai ba, a cikin jirgin ƙasa ya sulluɓe ya riƙa yawo a jikin waya. Da muka koma na uku, likita ya zaunar da mu. Ya ce zobe zai iya sawa, amma zinariyar siririya ce, kwasfa ce kawai aka sa ma haƙorin, in ya tura zobe zai murƙushe ta. Abin da ya fi, a cire ta, lafiyayyen haƙori na nan a ƙasa, gam zai kama shi nan take.

Ni har na ce to. Sai na ji Uwata ta yi magana, da ƙarfi, kuma da Turanci, ta ce a'a. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta juyo gare ni hawaye na zuba ta ce, "Baba, a cire wayar duka mu koma gida. Na haƙura."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Uwata, mun ƙetaro duniya, na bar gona a hannun mutane, ki ce a koma? In Allah ya kai mu Makka sai a sa maki wani, har biyu."

Ta ce, "Ba Hajiya za ta sa mani ba." Ta goge ido da mayafi. "Ranar da aka sa, da ka fita neman mota, ta kama haɓata ta ce, takwara, na sa maki wannan ne don ki riƙa buɗe baki a gani, mai zinariya ba ta rufe baki. Na ce mata to. Har ta rasu ban buɗe ba, Baba, ko sau ɗaya ba ta gani ba. Ina son ranar da zan buɗe ya kasance yana nan."

Ni kam sai na nemi kujera. Uwar da ta haife ni, ina can ina neman mota tana wannan shiri ban sani ba. Salisu ya fassara ma likita. Likita ya ce akwai dabara ɗaya. In aka ƙarza fuskar zinariyar da ɗan injin gurza, ta yi kaushi, gam yakan samu wurin kamawa, ko da bai kai na haƙori ƙarfi ba. Amma bai taɓa aiki da irin wannan kwasfar ba, bai san kaurinta ba. In ya zurfafa ta huje, dole a cire, in kuma bai zurfafa ba, gam ba zai kama ba. Ya ce da yana da irinta da ya gwada tukuna.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na buɗe baki na nuna mashi da yatsa na ce, "Salisu, gaya mashi ga irinta nan. Shago ɗaya, maƙeri ɗaya, rana ɗaya."

Salisu ya ce, "Yaya, haƙorinka na hajji fa?"

Na ce, "Hajjin a baki yake? Gaya mashi."

Likita ya yi dariya, ya ga ba wasa nake ba, ya daina. Ya ce in sani zai ɓata shi. Na ce na sani. Kun san dai yadda nake ji da haƙorin nan, ku da kuke cewa tun da na dawo Makka ban ƙara yin dariya da gefen dama ba. Na hau kujera ta kwanta da ni, na damƙe hannuwanta, injin ya fara kuka a cikin kaina. Ban fi numfashi kaɗan ba na ji likita ya yi wata 'yar ƙara. Ta huje. Ya kawo madubi ya nuna mani, ga farin haƙorina yana leƙowa ta tsakiyar zinariya. Ya auna bakin hudar da wani ɗan ƙarfe, ya gyaɗa kai, ya canza bakin injin da mai laushi, ya koma gefe ya riƙa shafawa a hankali har wurin ya dushe. Ya ɗan toshe hudar da farin gam, ya manna maɓalli a inda ya ƙarza, ya ce in je in ci abinci yadda na saba, in dawo bayan kwana kaɗan.

Haka na yi ta yawo a Landan, dattijo da gemu, da maɓalli ɗaya tal a kan haƙorin Makka. Uwata in ta dube ni sai ta ja mayafi, kafaɗu na rawa. Na ci burodi, yana nan. Na ci naman da Salisu ya samo wurin wani mahauci Musulmi, na yage shi da gefen da gangan, yana nan. Kullum da safe tsohuwar gidan sai ta ce in buɗe baki ta gani, ta tafa hannu. A hanyarmu ta komawa asibiti na manta, na ɓare goro na gatsa da gefen. Ƙas! Maɓalli ya tashi.

Na shiga wurin likita jiki a sanyaye, ina ganin na kashe maganar. Ya tambaye ni me na ci. Na ciro goro na miƙa mashi. Ya danna da yatsa, ya ƙwanƙwasa a tebur, ya gatsa kaɗan. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya nemi ruwa. Da ya farfaɗo ya tambayi Uwata ko tana cin wannan abu. Ta ce a'a. Ya ce to in dai sai da wannan dutsen maɓallin ya faɗi, waya ba za ta cire shi ba. Ya kwantar da ita, ya shafi zinariyarta da bakin nan mai laushi, wuri ɗan kaɗan daidai faɗin maɓalli, ni kuwa ina tsaye ina karanto duk abin da na haddace. Ba ta huje ba. Ya manna, ya zura waya. Muka ƙara kwanaki a garin don a tabbata, maɓalli ya zauna daram.

Ranar sallama likita ya ce zai yi mani sabon haƙori na zinariyarsu mai kauri, kyauta. Na yi godiya na ce a bar mani nawa. Na ba shi sauran goron, ya karɓa da hannu biyu, na san dai ba ci zai yi ba.

Da muka dawo gida, mun iso Sheme da hantsi, muka tsaya shan ruwa. Mutane suka taru ana ta barka da sauka, ana tambayar rediyo da agogo. Ina cikin amsa gaisuwa sai abokina Alhaji Mamman, dillalin shanu, wanda ba ya ganin abu ya yi shiru, ya matso ya leƙa bakina ya ce, "Subhanallahi! Alhaji, ɓerayen Ingila har zinariya suke ci?"

Sai na ji dariya daga cikin mota. Wata irin dariya mai ƙarfi, har da shiɗewa, wadda ban san muryar ba. Na waiga. Uwata ce, ta jefa kai baya, hannuwanta biyu suna kan cinya, mayafi ya zame. Haƙoran ba su ko fara komawa ba a lokacin, ga waya, ga ƙarafa, ga zinariyar Hajiya a gefe rana ta dake ta. Duk kasuwar Sheme sun gani. Na juya na yi kamar ina gyara igiyar kaya, don kada Mamman ya ga idona ya samu na faɗi har shekara.

Yanzu muna zuwa Zariya ana ƙara ɗaure waya, haƙora sun ja baya, leɓɓa sun fara haɗuwa, maɓallin kan zinariya bai sake faɗuwa ba. Malamarsu ta aiko cewa yanzu sai an ce mata ta bar wasu su amsa. Masu ce mani in koma Makka a sake mani sabo, na gode, amma ku daina. Da ina cewa Hajiya ta sa mani haƙorin nan ne don a san ɗanta ya sauke farali. Ashe duka biyun na takwararta ne, nawa ajiya aka ba ni.